Eriya a Kan Tasin Yaya

Wata uku na yi ina fama da eriyar nan. Manajanmu ya ce so yake ta kama layukan waya duka, har da wanda motoci za su riƙa gaisawa da juna a kan titi, amma kada ta fi tafin hannu girma.

Na ce, "Yallaɓai, ruwan randa kake so a juye a cokali."

Ya ce, "Ai shi ya sa muka ɗauki injiniya."

Na yi ta yanka farantin tagulla, in ƙara tsagi nan, in rage kusurwa can, sai a eriya ta bakwai na samu yadda nake so a teburin gwaji. Saura a gani a kan mota. Ta kamfani tana gareji, don haka na lallaɓa wurin yayana mai tuƙin tasi.

"Rufin motata za ki huda?"

"Haba Yaya, da maganaɗisu zan manna ta."

"To shigo. Amma fasinja ba zan wuce shi ba."

Na zauna gaba da kwamfuta a cinya, waya ta bi ta taga zuwa rufi. Muka zaga kasuwa, muka bi ƙarƙashin gada, layin da ke nuna ƙarfin eriyar a kan allo yana tsaye kyam. Har na fara waƙa.

A bakin wani shago wani mai walda ya tsayar da mu, ya ɗaura ƙofar ƙarfe a kan kariyar ɗora kaya da ke rufin motar, dab da eriyata, ya shiga baya. Muna tashi layin ya faɗi warwas.

"Yaya, tsaya! Ta mutu!"

Ya taka birki har goshin mai waldan ya bugi kujera. "Wace ce ta mutu?"

Da na yi bayani, mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ƙanwata, wace motar haya kika taɓa gani da rufi ba kaya?"

Kunya ta kama ni, don duk lissafina a kan rufi fayau na yi shi. Muka sauka mu uku a gefen titi, su biyu suna ɗage ƙofar, ni ina matsar da eriyar taƙi-taƙi ina leƙen allo. Can baya, kusa da gilashi, layin ya farfaɗo, sai dai bai koma yadda yake ba. Na rubuta komai a bayan hannuna, don ban zo da takarda ba.

Sati biyu na ƙara ina gyara, kullum da tsohon buhun ƙarafa a kan rufin Yaya. Ta takwas ce ta jure kaya, kuma ita kamfani ya karɓa.

Ranar da na kai albishir gida, na tarar Yaya ya riga ni. Yana zaune yana gaya wa Mama yadda shi da wani mai walda suka ƙera eriya, ni kuma na riƙe musu kwamfuta.

Mama ta dube ni ta ce, "Allah ya yi miki albarka da kika taimaka wa yayanki."