Idon Fiddausi na Hagu

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Hussaini ya fara ganin abin. Yana zaune bakin ƙofar ɗaki yana cire takalmi, 'yarsa Fiddausi ta fito da gudu ta faɗa jikinsa, rana ta sauka a fuskarta. A tsakiyar baƙin idonta na hagu wani abu fari ya ƙyalla, kamar idon kyanwa in an haska ta da tocila. Da ta juya kai sai ya ɓace.

“Safara'u, zo ki gani. Mi ne ne wannan a idon yarinyar nan?”

Matarsa ta taso daga bakin murhu tana goge hannu da gefen zane. Ba ta ko duƙa ta duba ba.

“Na daɗe ina ganin shi, Malam. Na gaya wa Inna, ta ce hakiya ce.”

Inna Dije, mahaifiyar Hussaini, tana ƙarƙashin rumfa tana tsintar shinkafa. Ta ce hakiya ce mana, ai kakan yarinyar ma ya yi ta, kuma ya rayu da idonsa har tsufa. A samu tozali mai kyau a riƙa sa mata.

Hussaini mai walda ne, shagonsa na nan Ƙofar Kwaya a birnin Katsina, inda yake ƙera ƙofofi da tagogin ƙarfe. Ciwon ido ba baƙonsa ba ne. Sau nawa hasken walda ya dafa masa idanu, ya wuni suna zubar da ruwa kamar an watsa masa barkono, bayan kwana biyu su washe? A saninsa, ciwon ido zuwa yake ya wuce. Ita kuwa Fiddausi ita kaɗai Allah ya ba su bayan dogon jira, har mutane sun fara yi wa Safara'u kallon tausayi. Ko kunyar 'yar fari Hussaini ba ya yi. Yana kiran sunanta gatsal, yana saɓa ta a kafaɗa zuwa shago, Inna Dije na yi masa tsiya.

Aka sa tozali. Aka sayo maganin ɗigawa a kemis. Farin bai tafi ba, sai ma idon ya fara karkacewa, yana kallon gefe idan ɗan'uwansa na kallon gaba. Safara'u ba mai yawan magana ba ce, amma ta kafa masa naci safe da yamma, har ya rufe shago wata safiya suka tafi asibitin ido.

Likitar da ta gan su mace ce, Dakta Ramla, siririya mai magana a hankali. Bayan doguwar gaisuwa ta ɗora Fiddausi a cinyar uwarta, ta sa tafin hannu ta rufe mata idon hagu. Yarinyar ta ci gaba da wasa da murfin biro. Likitar ta mayar da hannun kan idon dama, nan take Fiddausi ta tsala ihu tana fizge kai, tana lalube da hannuwa.

Likitar ta janye hannunta.

Aka ɗiga wa yarinyar maganin da ke buɗe baƙin ido, aka ce su jira a waje. Da suka dawo, likitar ta ɗaura wata fitila a goshinta, ta riƙe gilashi a gaban idon, ta daɗe tana leƙawa. Aka yi hoto da na'ura. Wata ranar kuma aka sa Fiddausi barci aka sake duba idanun biyu a tsanake. Bayan wannan ne Dakta Ramla ta kira su ofishinta ta rufe ƙofa.

“Malam Hussaini, wannan ba hakiya ba ce. Hakiya a saman ido take. Can ƙuryar ido akwai wani tantani mai laushi, shi ke karɓar haske mutum ya gani. A kansa ƙari ya fito, ya girma ya cika idon. Shi ne farin da kuke hangowa. Ciwon daji ne.”

Safara'u ta ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,” ta ƙanƙame yarinyar.

“Na dama lafiya lau yake, mun duba shi sosai. Na hagu kuwa ya riga ya daina gani. Da ƙarin yana ƙarami, da mun gwada ƙona shi da haske mu bar idon. Yanzu ya wuce nan. Amma har yau yana cikin ido, bai fita ba. In muka cire idon yanzu, muna da kyakkyawan zaton za ta rayu, ta girma, ta yi karatu da ɗayan.”

“Ku cire mi?”

“Idon, Malam. In wurin ya warke sai a sa mata na roba. Sai wanda ya ƙura mata ido zai gane.”

Hussaini ya dubi 'yarsa. Ta zame daga cinyar uwarta tana ƙoƙarin hawa sikelin da ke gefen ƙofa, tana dariya. Kumatunta cike, ƙafafunta da ƙarfi. Ko zazzaɓi ba ta yi.

“Likita, ki dube ta fa. Wannan ce mai ciwon daji? Ɗiya mace, ku ƙwaƙule mata ido tana cikin wasanta?”

“Shi wannan ciwon ba ya zafi da farko. Ranar da zai fara zafi, ya yi nisa. Akwai jijiyar da ta haɗa ido da ƙwaƙwalwa, ita yake bi.”

“Rai na hannun Allah.”

“Haka ne, Malam. Shi ya kawo ku da sauran lokaci.”

Ya ce zai yi shawara. Ya sunkuci Fiddausi ya fita, Safara'u na biye da shi. Likitar ta biyo su har baranda, ta karɓi lambar wayarsa, ta ce don Allah kada shawarar ta yi tsawo.

A gida, Inna Dije ta tafa hannu ta yi salati. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin an cire wa mai rai ido a ce magani ne ba. Maƙwabta suka shigo, kowa da abin da ya sani. Wani ya ce kambun baka ne, yarinya ta cika farin jini. Wata ta ce 'yan asibiti ba su san komai ba sai yanka. Garba, abokin Hussaini mai sayar da ƙarfe, ya ce akwai wani mai magani a wani ƙauye kan hanyar Jibiya, ya ga wanda aka kawo masa ana ja da sanda ya koma gida da ƙafarsa.

Safara'u ta bari sai da kowa ya watse.

“Malam, ni dai da mun bi maganar likitar nan. Gara in gan ta da ido guda.”

“Ke kin iya riƙe ta a yanke mata ido? In ta girma ta tambaye ni wa ya yarda, in ce mata mi?”

Ba amsa yake nema ba. Abin da bai faɗa ba shi ne, duk sa'adda ya rufe ido sai ya ga fuskar Fiddausi da rami a gefe guda.

Suka je wurin mai maganin, ya ba su wasu sassaƙe na jiƙawa a wanke idon, da garin da ake turarawa. Ya ce farin zai narke kamar kitse a wuta. Dakta Ramla ta kira, Hussaini ya ce suna nan tafe. Ta sake kira, ya ce yarinya na samun sauƙi. Daga nan in ya ga lambarta sai ya kifa wayar a kan teburin walda ya ci gaba da aiki.

Damina ta shigo. Wata rana sai ya ga kamar farin ya ragu, ya wuni yana raha a shago, har ya sayo tsire. Kashegari ya gan shi yadda yake. Kafin a fara yankan gero idon ya yi ja. Fiddausi ta daina bin sa zuwa shago, ta koma kwanciya a bayan uwarta, tana dafe gefen fuska tana kuka marar ƙarfi. Sai fatar idon ta kumbura. Sai idon da kansa ya fara turowa waje, har fatar ta kasa rufe shi. Safara'u ta riƙa lulluɓe mata fuska da gyale saboda ƙudaje, da kuma yaran unguwa da ke leƙowa ta zaure. Inna Dije ta daina cewa komai, sai jan carbi.

Wata safiya Hussaini ya zo wanke mata idon da ruwan sassaƙen. Da ya ɗaga gyalen, kwanon ya suɓuce masa ya kife. Bai tsaya ɗauka ba. Ya saɓa ta a kafaɗa, ya fita titi ko hula babu, ya tare Keke Napep.

A asibiti bai bi layi ba. Ya tura ƙofar ofishin, ma'aikaciyar jinya na ƙoƙarin tare shi.

“Likita, ga ta. Ku cire. Na yarda, ku cire shi yau.”

Dakta Ramla ta ɗaga gyalen ta duba. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta tambaye shi ina ya shiga ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

“Zauna, Malam Hussaini. Yanzu cirewa kaɗai ba za ta wadatar ba. Ya fasa ido ya fito. Sai an fara ba ta maganin daji ta jijiya ya janye, sannan a yi tiyata. Zan tura ku Kano.”

Suka shiga zirga-zirga tsakanin Katsina da Kano. Maganin ya kakkaɓe gashin Fiddausi, ya hana ta cin abinci, hannuwanta suka cika da tabon allura. Amma kumburin ya sauka. Aka yi tiyata aka cire idon, aka rufe wurin da auduga da filasta. Abin da Hussaini ya daɗe yana gudu, da ya gan shi, bai kai yadda ya zata ba. Fiddausi ce dai, da 'yar farar auduga a gefen fuska. Suka dawo gida, ta fara cin kunu, har ta koma bin kaji a tsakar gida. Mutane suka shigo barka. Hussaini ya buɗe shago, ya fara tambayar yaushe za a sa idon robar.

Sauƙin bai daɗe ba. Ta fara amai da safe, tana cewa kanta na ciwo. Tafiya ta zama sai da dafa bango. Aka sake yin hoton kai, aka ɗebi ruwan cikin ƙashin bayanta aka gwada. Da sakamakon ya fito, Dakta Ramla ta sake rufe ƙofar ofishinta.

“Ya bi jijiyar, Malam. Ya kai ƙwaƙwalwa. Abokan aikina na Kano sun gani, mun yi magana. Babu wani maganin da zai tsayar da shi yanzu. Abin da za mu iya shi ne mu hana ta jin zafi. Wannan kam za mu yi, kuma duk lokacin da kuka kira ni zan ɗauka.”

Safara'u ta ja mayafi ta rufe fuska. Hussaini ya daɗe yana kallon hannuwansa, da ƙananan tabon tartsatsi a bayansu.

“Likita, ki gaya mani tsakaninki da Allah. Da na yarda tun ranar farko fa?”

Ta dube shi ido cikin ido.

“Ban san gaibu ba. Amma tunda ka haɗa ni da Allah, yawancin waɗanda aka cire wa a wannan matakin suna rayuwa.”

Ya gyaɗa kai. Ya yi mata godiya, ya karɓi maganin, suka fito.

A gida ba wanda ya ɗora masa laifi. Masu zuwa dubiya suna cewa haka Allah ya tsara, yana amsawa da haka ne. Garba ya daina biyowa ta ƙofar gidan. Safara'u tana kawo masa abinci a kan lokaci, tana amsa gaisuwarsa, tana ɗaukar kwanon in ya gama. Ko sau ɗaya ba ta ce ai na faɗa ba. Ya riƙa jiran ranar da za ta faɗa, ranar ba ta zo ba.

Ya bar zuwa shago. Yakan shimfiɗa tabarma a ɗaki ya ɗora Fiddausi a ƙirjinsa, don a nan kaɗai take samun barci. Ta yi sauƙin ɗauka kamar ba ita ba.

Wata rana da hantsi, ƙofa a buɗe, labule a ɗage, rana ta cika ɗakin har kan tabarma, ta farka. Ta ɗaga kai, idonta na dama a buɗe tar, ta juya shi nan, ta juya shi can. Ta kai hannu ta lalubo gemunsa.

“Abba.”

“Na'am, Fiddausi.”

“An ɗauke wuta?”

Safara'u na bakin ƙofa da kofin kunu a hannu. Ta tsaya cak. Hussaini ya wuce da tafinsa a gaban fuskar yarinyar, a hankali, ya sake dawo da shi. Idon bai bi hannun ba.

“E, an ɗauke.”

“Ka kunna.”

Ya tashi da ita a kafaɗa, ya je bango ya danna makunnin. Ta ji ƙarar, ta yi shiru tana jira.

“Ba a kawo ba,” in ji ta.

“Ba a kawo ba tukuna.”

Ta mayar da kanta kan wuyansa. Ya ci gaba da tsayuwa a wurin, hannunsa a kan makunnin, har kunun ya huce a hannun Safara'u.