Akushin da Ba Ya Ganin Ruwa

Tun da safe gaban Yesenia yake faɗuwa. Ranar ce 'yarta Paloma za ta ci ganyenta na farko a gidan abincin surukin Yesenia, Don Evaristo, kamar yadda kowane ɗa na zuriyar yake yi idan ya isa shiga makaranta. Hotunansu na nan jere a bango, kowa da ganyen latas a hannu da maiƙo a haɓa, har da na mijinta Rogelio, yana washe baki ba haƙoran gaba.

Gidan abincin ya girmi kowa a layin. Kakar Don Evaristo ce ta fara shi da rumfar kwano, tana sayar wa 'yan dako masu jiran a buɗe iyaka. Daga kudu ta zo nan Tijuana, garin bakin iyaka, da akushinta na katako, a cikinsa take haɗa salak. Sai ta goga tafarnuwa, ta fasa ɗanyen ƙwai, ta zuba man zaitun da lemon tsami, sannan ta juya dogayen ganye da cuku da soyayyen burodi. Da mutanen ƙetare suka ɗanɗana, rumfa ta zama gini, daga baya har aka ɗora bene. Har yau a gaban mai ci ake haɗawa, kuma akushin tsohuwar bai taɓa ganin ruwa ba. Da tsumma ake goge shi, a shafa mai, a rataye. Cewa suke daɗin a cikin katakon yake.

Ita kuwa Paloma jikinta ba ya shiri da ƙwai. Tana jaririya aka ɗanɗana mata gwaiduwa, fuskarta ta kumbura, suka kwana a asibiti. Tun daga nan Yesenia ba ta fita sai da allurar gaggawa a jaka. Ta roƙi Rogelio a bar wannan al'ada a kan 'yarsu, ya ce tsohon ba zai iya ɗauka ba. Ƙanwar Rogelio, Griselda, har tsokanarta take, wai ta fi jami'an kwastan binciken abinci.

Da suka zauna, Don Evaristo ya turo ɗan teburinsa mai taya na haɗa salak da kansa, sanye da farar riga. Ya juye aljihunsa waje yana dariya.

"Ki caje ni, 'yata. Ko ɓawon ƙwai kika samu, ki kira 'yan sanda."

"Baba, ba wasa nake ba."

"Ni ma jikata ce. Yau kaji na hutu."

Ta zuba wa hannunsa ido tun daga tafarnuwa har cuku. Bai sa ƙwai ba. Ta sauke ajiyar zuciya. Paloma ta ɗauki ganye da yatsu kamar yadda aka koya mata, ta ci, aka tafa, aka ɗauki hoto. Ta ce a ƙara mata, kakan ya ƙara yana ta alfahari.

Ana cikin hira Yesenia ta ga yarinyar tana sosa wuya. Sai ɗan tari. Ta ɗago haɓarta, ta ga leɓen ya fara tashi, borin jini ya feso a bayan kunne. Idonta ya sauka a kan akushin, baƙi wuluk, yana ƙyalli, da ƙananan tsagu a gindinsa.

"Baba, yau an haɗa wa wani a cikin wannan?"

Ya ce an haɗa wa wasu baƙi mai ƙwai kafin su iso, amma ai ya goge shi tas da hannunsa. Bai ƙarasa ba, sai ya dubi tsumman da ke kafaɗarsa.

Nan wuri ya rikice. Griselda ta ce a ba ta madara, wani ya ce a matsa mata lemon tsami, Rogelio ya miƙo kofin ruwa. Yesenia ta ture kofin. Numfashin Paloma ya fara fita da wani siririn fito, idanunta sun yi zuru-zuru a kan uwar.

"Mama, wuyana ya matse."

Yesenia ta zazzage jakarta a kan tebur, ta cire murfin allurar, ta danne cinyar yarinyar ta soka ta saman riga. Paloma ta tsandara kuka. Kukan ya ɗan sanyaya wa Yesenia rai, don wanda ba ya samun iska ba ya kuka. Amma likita ya gaya mata allurar jinkiri kawai take bayarwa, dole a kai asibiti.

Rogelio ya ruga wajen mota ya dawo. Layin masu tsallaka iyaka ya toshe titin tun daga gada, ko tayar gaba ba za ta fita ba. Yesenia ba ta tsaya jin sauran ba. Ta saɓa yarinyar a kafaɗa, ta zubar da takalmanta masu tsini, ta kutsa tsakanin motoci. Kwalta na ƙona mata tafin ƙafa. Masu tallan bargo da gasasshiyar masara suna darewa, direbobi na danna oda. Ita dai kunnenta na kan bakin 'yarta. Kukan ya ragu, fiton ya dawo, kan yarinyar ya fara langaɓewa.

"Paloma, ki ja min gashi. Ja da ƙarfi, kar ki saki."

Ɗan hannun ya damƙi gashinta. Da wannan zafin ta ƙarasa ƙaramin asibitin da ke bayan kantunan magani, ba ta san lokacin da ta faɗa ƙofar ba.

Aka karɓi Paloma, aka sa mata abin shaƙar iska, aka ƙara wata allura. Yesenia na tsaye a gefen gado, ƙafarta na zubar da jini a kan tayil, ta ƙi zama. Sannu a hankali fiton ya ɓace, ƙirjin ya koma hawa da sauka yadda ta saba gani. Likitar asibitin ta ce za su riƙe yarinyar zuwa gobe, don abin yakan juyo.

Can Rogelio ya leƙo ya ce tsohon na waje, ya biyo su da ƙafa, ya kasa shigowa. Me zai ce masa?

Yesenia ba ta ɗauke tafinta daga ƙirjin 'yarta ba.

"Ka ce masa tana numfashi. Ka samo masa kujera, kar shi ma ya faɗi mana."