Bugun da Ke Sauka Ƙasa

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa Bahago, hannunsa na hagu ya daina yi masa biyayya. Da wannan hannun ya yi suna, da shi kuma yake ciyar da gidansa, yana kaɗa jerin ganguna a bayan mawaƙan wata ƙungiya. Ya tashi daga jinya yana tafiya da ƙafarsa, yana magana sarai, amma da ya riƙe sandar kiɗa sai ta zame ta faɗi.

Likitan gashin ƙashi ya ce hannun zai iya dawowa, in dai za a riƙa sa shi aikin da ya saba kullum, ba fashi. Oga, shugaban ƙungiyar, da ya zo dubiya ya ce, "Kujerarka tana nan, Bahago. Makaɗin haya muka ɗauka kafin ka warke. Amma ka san aikin namu, in lokacin fita wasanni ya zo, dole wani ya zauna a kanta."

Matsalar ita ce gidan. Haya suke yi a saman bene, da maƙwabta dama da hagu, da wasu a ƙasa. Ranar da ya fara gwaji, mai gyaran rediyo na ɗakin dama ya yi ta dukan bango da takalmi, washegari kuma mai gidan ya aiko cewa ko a daina ko a tashi.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ita ta kawo shawarar su toshe ɗan ɗakin ajiya yadda sauti ba zai fita ba. Ta kwashe tarkacen ciki, ta share, ta goge. Mai shagon bakin titi ya tara musu kwalayen ƙwai, suka liƙe su a silin da bango. Suka rataya barguna a kansu. Kafinta ya rufe tagar da katako, ya cusa soso a tsakani. Aka yayyanka tsohuwar robar taya aka bi gefen ƙofa da ita. Bangon da ya raba su da mai gyaran rediyo ya ƙi yin shiru, sai Malama ta jawo katifarsu ta kwana ta jingina masa, su kuma suka koma tabarma.

"Malama," in ji Bahago, yana kallon kwalayen, "ni za a saka a nan ko kaza mai kwanci?"

"Shiga dai, Maigida. In ka yi ƙwai ma muna so."

Ya shiga ya rufe ƙofa. Ciki babu iska, sai warin soso da ƙugin fanka. Ya fara bugawa, ita kuma ta bi wurare ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba jarrabawa. Ta tsaya a baranda, ba ta ji komai ba. Ta sauka titi ta tsaya ƙarƙashin tagar, nan ma shiru. Ta leƙa wurin mai gyaran rediyo, ya kasa kunne ya ce, "Yau kam kamar an yi tafiya da shi." A kan matakala ta haɗu da Iya, tsohuwar da ke zaune daidai ƙarƙashinsu tare da mijinta, Baba Direba, wanda tsufa ya ɗauke wa tunani.

"Iya, don Allah kuna jin ganga?"

Iya ta dube ta. Ta ga shigowar kwalaye da katako, ta kuma san inda katifar ta koma. "Ganga? A'a, 'yata. Ba ma jin ganga."

Malama ta hau sama da murna. Ba ta shiga ɗakin Iya ba.

Daga nan kullum da rana Bahago yana ciki, ya fito sharkaf da gumi. A hankali hannun ya soma tunawa. Sandar ta rage faɗuwa, ƙafar dama da ke taka babbar ganga ta fara haɗuwa da hannun hagu a bugu ɗaya. Wata rana ya fito yana dariya, ya damƙi hannun Malama da yatsun nan har ta ce, "Wayyo, sake ni!" Daɗin wannan wayyo ya kai shi har dare.

Ran nan Malama ta dawo makaranta da wuri, ta sauka mayar wa Iya dutsen guga da ta ara. Bahago yana sama yana aikinsa. Tana shiga ta tsaya cak. Ba a jin kiɗa, gaskiyar Iya. Abin da ake ji wani bugu ne mai nauyi, dum, dum, dum, yana saukowa ta siminti, har ruwan da ke cikin kofi a kan tebur yana rawa. Sun toshe sama, sun toshe gefe, ba su taɓa tuna cewa babbar gangar a kan rufin mutane take zaune ba.

Baba Direba yana bakin gado, da bandeji a goshi, yana laluben takalmi da ƙafa.

"Ana buga ƙofa," ya ce. "Shi ne. Ki buɗe masa mana, ya daɗe a tsaye."

"Ba kowa, Malam," in ji Iya. "Kwanta."

"Na ce shi ne!"

Iya ta riƙe kafaɗarsa har ya koma. Sannan ta juyo, ba ta ɗaga ido ba. "Ɗanmu yake nufi, wanda ya rasu. Ya manta ya rasu. Da an fara bugun nan sai ya tashi. In ina wanka ko ina kicin, kafin in zo ya faɗi."

"Iya, me ya hana ki faɗa mana?"

"In faɗa muku me? Abincin mijinki ne. A tabarma fa kuke kwana."

Malama ta hau matakalar a hankali. Ta jira har Bahago ya fito ya sha ruwa, sannan ta gaya masa komai, dalla-dalla, ba ta ƙara ba ta rage. Ya daɗe yana kallon hannunsa.

Ba su sallama nan take ba. Kafinta ya dawo ya haɗa dandamali, ya ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi, aka shimfiɗa kafet ninki biyu, aka ɗora gangunan a kai. Da aka gama Bahago ya ce wannan karon shi zai sauka da kansa. Ya zaunar da Malama a kujerar ya nuna mata matakin ƙafa na babbar gangar.

"Taka kawai, kamar keken ɗinki."

Ya sauka ya tsaya a bakin ƙofar Iya. Bugun ya ragu sosai. Ya yi laushi, ya yi nisa, ya koma daidai irin ƙwanƙwasar mai ladabi da ba ya son tada mutanen gida. Bahago ya ji jan ƙafa daga ciki, ya ji muryar Iya tana cewa a tsaya. Ƙofa ta buɗe. Tsohon yana tsaye, fuskarsa cike da haske, hannunsa a miƙe.

"Ka dawo?" ya ce. Ya ƙura wa Bahago ido, ya duba bayansa, ya sake dubansa. Hannun ya sauka. "Ba kai ba ne."

"Ni ne na sama, Baba."

"To ina yake? Yanzu ya buga."

Iya ta zo ta kama shi. "Ɗana, ka je ka ci gaba da aikinka," ta ce. "Zan riƙa zama kusa da shi. Na saba."

Bahago ya ce to. Ya hau sama, ya taɓa kafaɗar Malama ta daina takawa, ya durƙusa ya kwance matakin ƙafar ya sa shi a bayan ƙofa. Sauran gangunan ma ya gwada su, Malama ta sauka ta dawo ta ce ruwan kofin Iya yana motsi kaɗan. Ya lulluɓe su da zane.

Ya koma bugun matashin kai. Amma matashi ba ya mayar da sanda yadda fata ke yi, kuma ƙafa ba ta da abin takawa. Ya nemi wurin gwaji a waje. Ɗakin gwajin ƙungiyarsu yana can ƙarshen gari, kuma makaɗin hayar ne ke ciki yawancin rana. Ya je 'yan lokuta, ya dawo a gajiye. Ƙarfin hannun da ya dawo ya soma komawa. Malama ta ci gaba da matsa masa yatsun da man zafi kowace safiya, tana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, ba ta fasa ba ko da ta ga ba sa riƙe nata.

Da lokacin fita wasanni ya zo, Oga ya kira shi gwaji. A tsakiyar waƙar farko sandar ta faɗi. Mai jita ya ɗauko ya miƙa masa, ta sake faɗuwa. Babu wanda ya yi dariya, wannan ya fi yi masa ciwo. Oga ya raka shi har bakin titi, yana ta maganar wani lokaci nan gaba.

Da ya iso gida ya tarar da Iya a ƙofarta. Ta ce Baba Direba yana samun barci yanzu, goshin ma ya warke, ta yi ta sa masa albarka. Ya amsa da amin ya wuce.

Malama ta ga fuskarsa, ta gane. Ta ce, "Maigida, mu sauke katifar?"

"Bar ta tukuna."

Ya shiga ɗakin ya ja ƙofa, robar ta kama. Ta tsaya a baranda riƙe da kofin ruwan da ta ɗebo masa, ta kasa kunne. Ta daɗe a wurin. Ba ta ji komai ba.