Mai Karya Kan Kuɓewa

Cikin Saratu na wata bakwai aka tabbatar mata Innarta ba ta samu biza ba. Ga ta a Ingila, ga haihuwar fari tana matsowa, babu mace ko ɗaya da za ta dafa mata ruwan jego. Mijinta Mainasara mutumin kirki ne, amma ko ruwan shayi ya ɗora sai an tuna masa ya kunna wuta. Abin ya dame ta ƙwarai.

Ran wata Alhamis ta shiga babban kantin unguwarsu, mai sanyi kamar randa, inda babu mai ce maka sannu balle a yi ciniki. Ta tsaya gaban kuɓewa, ta ɗauki ɗaya za ta karya kanta don ta ji ko ɗanya ce, kamar yadda ake yi a kasuwar Dauran. Sai ta ga an riga ta. Ta ɗauki wata, ita ma kanta a karye. Kusan rabin kwandon haka yake.

Murna ta kama ta. Turawan nan kwasa kawai suke yi su wuce. Wannan aikin hannun macen da ta san miya ne.

"Wallahi akwai tamu garin ga," ta ce wa Mainasara da ta koma gida.

"Ko dai ɓera na?" in ji shi. Ta harare shi, ya kama bakinsa.

Daga nan Saratu ta zama mai gadin kuɓewa. Duk Alhamis, ranar da ake kawo sabuwa, tana nan da sassafe tana jujjuya albasar da ba za ta saya ba. Masu kantin kuwa, da ɓarnar ta ishe su, suka manna takarda suna roƙon a daina karya musu kaya. Wani ma'aikaci har ya fara bin Saratu da ido, ita da ko ɗaya ba ta samu damar karyawa ba!

A mako na huɗu ta ji ƙas! Ta waiga. Wata tsohuwa ce doguwa, ta naɗe jikinta da lafaya irin ta matan Sudan, tana tsaye daidai ƙarƙashin takardar tana aikinta hankali kwance. Murnar Saratu ta koma ciki. Ashe ba tasu ba ce.

Duk da haka ta matsa ta yi sallama. Tsohuwar ta amsa, ta jefar da wata kuɓewa gefe tana gunaguni: "Wagga ta tsuhwa, ko akuya ba ta cin ta."

"Inna! Hausa kika yi?"

"To mi ni ka yi da?" Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ɗiyar wane gari ta?"

"Dauran, ƙasar Zurmi."

Tsohuwar ta dafe ƙirji. Sunanta Ladidi, a Sudan aka haife ta, nan kuma wajen ɗanta take zaune. Kakanta ya bar Banga ta ƙasar Ƙaura, maƙwabciyar Zurmi, da ƙafa zai tafi Makka, ya yada zango a Sudan, zangon da bai tashi ba ke nan. Ita ba ta taɓa ganin Ƙaura ba, amma ta san sunayen unguwannin Banga tun tana goye. Suka tsaya suna dariya, mutane na kewaye su da kekunan sayayya.

Can idon Ladidi ya sauka kan cikin.

"Wa za ya yi miki wanka?"

 Saratu ta girgiza kai, hawaye suka zubo.

"A'a, bar kuka gaban Turawa," in ji Ladidi, ta fizge kwandon sayayyar Saratu daga hannunta. "Jikoki tara na wanke, naki na goma. Wuce mu tai in ga girman tukunyarki."