Takalmi Lamba Arba'in da Biyar

Shekara shida ina riƙe da makullin ɗakin ajiya na cocinmu, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Mutane suna cewa na cika zargi. Ni kuwa ido ne Allah ya ba ni, ba zan rufe shi don wani ya ji daɗi ba.

Da 'yan gudun hijira suka cika garin, Fasto ya yi wa'azi cewa Yesu ma an gudu da shi yana jariri. Aka tara tufafi da barguna da kayan abinci, kwamiti ya ba kowane gida kati, ana rabo duk Laraba. Dokar ɗaya ce: mutum ya ɗaukar wa waɗanda ke cikin katinsa kawai. Wanda aka kama yana sayarwa a karɓe katin, abincin wata ma ya tafi ke nan.

Akwai wata doguwar mata mai tabo a haɓa, katinta mutum uku, ita da 'yan matanta biyu. An rubuta cewa mijin ya mutu a hanya. Larabar farko ta ɗauki wandon maza. Ta biyu ta ɗauki rigar ƙaton namiji. Ta uku ta tsallake takalman mata masu kyau, ta zaro wani shirgegen takalmi lamba arba'in da biyar, ta cusa a ƙasan jaka tana kallon bango.

Na gaya wa matar Fasto, ta ce in bar baiwar Allah ta huta. Ita dama ko ɓarawo ta gani da akuya a kafaɗa, cewa za ta yi asibiti zai kai ta. Na ce ko dai kasuwa doguwar matar take kai kayan, ko ta ɓoye wani gardi yana cin rabon marayu, kuma sai na gano kafin kwamiti ya zauna ranar Lahadi.

Ranar Juma'a da rana na bi adireshin da ke katin. Gidan haya ne mai ɗakuna rututu da famfo ɗaya, maza sun baje a tsakar gida suna jin ƙwallo a rediyo. Wandon da rigar suna kan igiyar shanya. Takalmin kuwa yana ƙofar ɗakinta, har da ɗanyar laka a jiki. Raina ya yi fari, na ce a zuciyata yau na kama ta.

Na tambayi wani mai singileti da ke kishingiɗe a benci ko takalmin na wa ne. Ya ce na mijinta ne, wai direban babbar mota ne, ba a cika ganinsa ba.

"Wane miji?" na ce. "Mijinta ya rasu, ni na ga takardar."

Mutumin ya tashi zaune. Ya dubi ɗakin, ya dubi abokansa, ya yi wani mugun murmushi.

Labule ya motsa, doguwar matar ta jawo ni ciki. 'Yan matan suna maƙure a kan katifa, babbar ba ta wuce sha biyar ba. Ƙofar ba sakata, ƙusa ce aka lanƙwasa. Ta gaya mini da ƙaramar murya cewa satinsu na farko ba su runtsa ba saboda masu ƙwanƙwasa ƙofa. Da ta shanya wandon abin ya ragu, da ta ajiye takalmin aka daina. Kowace safiya takan shafa masa laka.

Ta miƙo mini katin. "Mama, in shi kika zo karɓa, ga shi. Amma yau ina zan kwana da yaran nan?"

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Gidana ɗaki biyu ne, kuma ban tambayi maigidana ba. Na ce su naɗe katifar.

Muka ratsa ta gaban mazan, an rage rediyo, ni ce a gaba da katifa a ka. Babbar yarinyar ta riƙe gefen zanena gam har bakin titi, ni da na tona musu asiri.