Salansar Baba Otma

A unguwar Badi'a da ke yammacin Riyad akwai wani attajiri, Abu Nayif, wanda Allah ya jarabce shi da son tsofaffin babura. Ba ya hawansu. Tara su kawai yake yi a wani dogon ɗaki mai sanyi a bayan gidansa, yadda wasu ke tara tantabaru, ya riƙa kai baƙi suna kallo suna shan gahawa.

Direban gidan shi ne Tamimu, mutumin Kano, kuma ɗakin nan ya tsaya masa a rai. Kafin a hana acaɓa a Kano bakanike ne, irin wanda in babur ya wuce, daga jin ƙararsa zai ce maka matsalar ringi ce ko fulogi. Da sana'ar ta yi sanyi ya taho Saudiyya, aka rubuta masa direba a iƙama, wato takardar izinin zama, shi ke nan ya zama mai kai yara makaranta da jiran uwargida a ƙofar kanti. Ya sha roƙon Abu Nayif, wanda shi ne kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya ba shi kula da baburan. Amsar ba ta canjawa.

"Ya Tamim, kai sawwag ne, direba kawai. Riƙe sitiyarinka."

Ana nan sai maigidan ya sayo wani ɗan ƙaramin babur kore daga Turai, wanda ya shekara talatin da wani abu bai tashi ba. Ya sa aka yi ta cigiya har aka gano injiniyan da ya zana shi yana raye a Jamus, aka aika masa tikiti. Tamimu ne ya ɗauko shi daga filin jirgi: dogon tsoho mai suna Ottmar Lindeke, da farin gashi a cikin kunnuwansa kamar audugar rimi. Sunan ya yi wa Tamimu nauyi a baki, ya mayar da shi Baba Otma.

Kullum da safe yakan ɗauko shi daga masaukinsa a unguwar Murabba, suna tafe suna haɗa guntun Turanci da nuni da hannu. A haka ya ji tarihinsa. Tsohon ya ƙare rayuwarsa yana zana ƙananan injuna, na yankan ciyawa, na jan ruwa, na saran itace, duk masu ihu. Burinsa guda ne, ya yi babur da zai wuce ta ƙarƙashin taga jariri bai farka ba. Ya yi shi kuwa. Kamfanin ya ƙera 'yan kaɗan, samari suka ƙi saye, suka ce babur da ba ya ƙara keke ne. Aka daina, daga baya kamfanin ma ya rufe.

"Wannan kaɗai na san ya rage," in ji shi. "Ina so in ji shi sau ɗaya kafin kunnen ya tafi."

"Ka ji me, Baba, tun da ka ce ba ya ƙara?"

"Shi ɗin nake so in ji."

Tamimu ya yi dariya, a ransa ya ce tsufa dai ba ta bar Bature ba.

Da yake hannun tsohon na rawa, sai aka yarda Tamimu ya riƙa shiga ɗakin yana taya shi. Murna kamar ya taka rawa. Amma ashe taya Bajamushe aiki wata azaba ce. Noti ɗaya sai an wanke shi, an shanya, an duba shi da gilashi. In Tamimu ya kai hannu ga sifana, sai ya ji, "A'a, a'a! A hankali." Aikin da a Kano zai gama kafin la'asar, aka kwashe makonni ana yi.

Da aka haɗa komai aka buga kik, injin ya yi tari ya mutu. Aka sake, ya sake. Tamimu ya sa tafin hannu a bakin salansa, bai ji iska ba.

"Baba, salansa ce ta toshe. Tsohon baƙin mai ne ya daskare a ciki."

Tsohon ya dube shi da mamaki, ya gyaɗa kai. Ya kwance ta, ya tsoma ta a wani ruwan magani cikin bahon roba, ya ce a bar ta ta jiƙa.

"Har yaushe?"

"Har ta yarda."

Ba ta yarda ba. Kowace safiya sai a ɗaga ta, baƙin ruwa ya ɗan ɗiga, a mayar. Ranar komawar tsohon ta matso. Abu Nayif kuma ya riga ya gayyaci abokansa su zo ranar Asabar su ga babur ya tashi, ya fara shigowa yana kaɗa carbi da sauri yana cewa, "Yalla, ya muhandis, yalla!", wato injiniya ya yi sauri. Tamimu ya ga in babur bai tashi ba, za a kulle ɗakin, shi kuma ya koma ƙofar kanti har abada.

Ranar Juma'a tsohon yana hutu. Bayan an sauko daga masallaci Tamimu ya naɗe salansar a buhu, ya nufi unguwar Al-Ud wurin abokinsa Mamane, mai walda, mutumin Maraɗi.

"Kunno mini wuta, ƙona ta za mu yi."

Mamane ya juya ta a hannu. "Kai, Bakano, wannan ba irin taku ba ce ta 'yan acaɓa. Ji nauyi. Mai abin ya sani?"

"Shi sai ya ga an gama. Salansa nawa na ƙona a duniya? Ta fi gashin kanka."

"Ai ni sanƙo gare ni, ka ga ba ka ƙona ko ɗaya ba ke nan. Ku dai da gaggawa aka yanke muku cibi."

Suka yi yadda ake yi a gida. Suka ba ta wuta har ta yi ja, hayaƙi mai wari ya turnuƙe lungun, wani Bangali mai gyaran taya ya fito yana zagi. Sannan Tamimu ya zura rodi ta baki ya yi ta zungura yana bubbugawa. Toka ta zubo. Bayan toka sai wasu 'yan faya-fayan ƙarfe sirara, masu ƙananan huji, a lanƙwashe kamar ɓawon albasa.

"Wannan fa?" in ji Mamane.

"Su ne suka shaƙe ta. Yanzu za ta yi numfashi."

Asabar da hantsi, tsohon bai gama tuɓe takalmi ba Tamimu ya ce, "Baba, tsaya ka ga abin mamaki." Dama ya riga ya mayar da salansar jikin babur. Ya buga kik sau ɗaya. Babur ya tashi da wata irin ƙara da ta cika ɗakin, har kofunan gahawa suka yi rawa a kan tire. Ya murɗa totur yana washe baki, yana jiran yabo.

Tsohon ya tsugunna da ƙyar, ya leƙa bakin salansar, ya ga shuɗin da wuta ta bari. Ya miƙa hannu ya kashe injin.

"Ina na cikin?"

"Na fitar da su, Baba. Datti ne."

"Datti." Ya maimaita kalmar a hankali. "Ni na lanƙwasa su da hannuna. Shekarun ƙuruciyata duka suna cikin gwangwanin nan. Injin kowa zai iya yi, yaro. Wannan ne aikina."

"A sake wasu mana. Akwai mai walda..."

"Da wane hannu? Da wane kunne?"

Ana haka sai Abu Nayif ya shigo da baƙinsa, ƙarar ce ta jawo su. Ya ce a sake tayarwa. Aka tayar. Baƙi suka toshe kunne suna dariya suna cewa masha Allah, ɗan ƙaramin abu da muryar zaki. Maigida ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Tsohon ya nuna Tamimu da haɓa, ya ɗauki hularsa ya fita.

A ranar aka miƙa wa Tamimu makullin ɗakin, aka ce a nemo wani direba. Sabon direban ne ma ya kai Baba Otma filin jirgi, don tsohon ya ce ba ya son magana.

Tamimu ya koma Al-Ud neman 'yan faya-fayan, ya tarar an share an kwashe. Tun daga nan, in maigida ya yi tafiya, sai ya kulle kansa a ɗakin ya yanka gwangwani da almakashi, ya huhhuda, ya lanƙwasa, ya cusa a salansar. Wani lokaci babur ya shaƙe ya mutu, wani lokaci ya yi ihu fiye da da. Wata rana Mamane ya kawo masa ziyara, ya tarar da shi yana yi, ya tambaye shi wace irin ƙara yake nema ne haka.

"Ina na sani?" in ji Tamimu, ya jefar da almakashin. "Ban taɓa jin ta ba."