Ajin da Akilai Ta Tsallake

Tun Akilai tana aji biyu Malama Saltanat ta rasa yadda za ta yi da ita. Kafin Malama ta gama rubuta lissafi a allo ta karkaɗe alli daga hannunta, yarinyar ta riga ta ajiye alƙalami, ta tallabe haɓa tana kallon tsaunuka ta taga. Ba rashin kunya ba ne, aikin ne ba ya isarta. Malama ta ɗauko mata littattafan aji huɗu daga ɗakin ajiya, ta cinye su kafin ƙanƙara ta narke. Aka kawo na aji biyar, su ma haka. Da shekarar aji uku ta zo ƙarewa, Malama ta je ta sami shugaban makaranta, ta ce ita kam alhakin yarinyar nan ya fara damunta.

Ita Akilai ba abin da ya dame ta. Teburan ajin na mutum bibbiyu ne, kuma tun ranar da aka sa su makaranta take zaune da Begimai, 'yar maƙwabtansu, mai jajayen kumatu da bakin da ba ya gajiya. Aljihun Begimai ba ya rabuwa da kurut, busasshen nonon nan mai gishiri da kakarta ke dunƙulawa. Sai ta miƙo ɗaya ta ƙarƙashin tebur, Akilai kuwa ta ɗan karkata littafinta yadda idon ƙawarta zai kai. Ba su taɓa kiran wannan satar amsa ba. A wurinsu haka ake zama.

Malamai biyu suka zo daga gunduma suka zaunar da Akilai a ofis, suka yi ta jero mata tambayoyi har shayinsu ya huce. Daga ƙarshe babban cikinsu ya cire gilashi ya goge, ya ce a tsallakar da ita aji huɗu gaba ɗaya, ta wuce aji biyar.

A ranar mahaifiyarta Burul ta soya borsok, 'yan ƙananan fanke irin nasu, cikin babban kasko ta kira maƙwabta. Mahaifinta Kubat, wanda ya daɗe yana aikin gini a Mosko, ya kira ta bidiyo a waya da hular ƙarfe a kansa, girarsa duk farin siminti.

"'Yar Baba, da gaske ne abin da uwarki ke faɗa?"

"Da gaske ne, Baba."

Sai ya juya wayar wajen abokan aikinsa yana cewa, "Ku zo ku ga 'yata! Ni da na sha bulala a kan jadawalin bakwai, ku dubi abin da na haifa!" Yana dariya yana goge ido da bayan hannu. Rabon da Akilai ta ga dariyarsa irin wannan tun kafin ya tafi. Saboda haka da shugaban makaranta ya tambaye ta washegari ko ita ma tana so, ba ta tsaya tunani ba ta ce tana so.

Hutun bazara a kan tudu suka yi shi, inda dangin Begimai ke kai dawaki da tumaki kiwo. Wata rana suna kwance cikin ciyawa, Akilai ta ce, "Kin san ba za mu zauna tare ba in an koma."

"To sai me?" in ji Begimai. "Makarantar ba ɗaya ba ce? Ƙofar ba ɗaya ba ce? Da an kaɗa ƙararrawar tara sai ki rugo. Ke dai kada ki fara yi mana ɗagin kai, Farfesa."

Abin da ya shige musu duhu shi ne ɗakunan makarantar ba su da yawa. Manya daga aji biyar zuwa sama su ke zuwa da safe, ƙanana kuma sai bayan azahar. Lokacin da Akilai ke fitowa da jakarta, lokacin ne Begimai ke shigowa. A bakin ƙofa suke haɗuwa, cikin turereniyar masu fita da masu shiga, kuma kafin ɗaya ta kai ƙarshen labari an kaɗa ƙararrawa.

A sabon ajin ƙafafun Akilai ba sa taɓa ƙasa in ta zauna. Aka haɗa ta tebur da wani dogon yaro, Ermek, wanda ya dube ta sama da ƙasa ya ɗaga hannu.

"Malam, wani ya manta ƙanwarsa a kujerata."

Ajin ya kwashe da dariya. Daga ranar sunanta ya koma Jaririya. Ba su cuce ta ba. 'Yan matan ma sukan gyara mata farin ƙyallen da ke gashinta, su ja kumatunta. Amma in an fita tara sai su dunƙule waje ɗaya suna raɗa, ta matso su ce, "Ke, ba maganar yara ba ce."

Karatun kuwa, gaskiya ya yi mata daɗi, kuma wannan ne ya fi rikita ta. Malam Asilbek mai koyar da lissafi yakan rubuta tambaya ɗaya a gefen allo ya ce ta mai ƙarfin hali ce. Karon farko a rayuwarta Akilai ta ci karo da lissafin da ya tsaya mata. Ta yi ta juya shi, kunnuwanta suka yi zafi, can sai hanya ta buɗe. Murna ta cika ta har ta kai gwiwar hannu ta zunguri wanda ke gefenta. Ermek ya zabura.

"Lafiyarki?"

Ta janye hannun ta ce ba komai.

Da sanyi ya fara shigowa sai ta daina wucewa gida in an tashi. Takan zagaya bayan makaranta ta tsaya jikin bishiyar da ke daura da tagar aji huɗu. Daga nan tana hango ƙeyar Begimai, da Malama Saltanat tana kai da kawowa, da murhun da ke lungu wanda ta san ƙamshinsa in an zuba masa gawayi. Ba ta jin abin da ake faɗa. Sai dai ta ga kafaɗu sun girgiza gaba ɗaya, ta san an yi abin dariya.

Ranar da ƙanƙarar farko ta sauka, Malama ta buɗe tagar ta leƙo.

"Akilai! So kike ki daskare a ce ni na kashe ki? Zagayo ki shigo."

Ta zagaya ta shiga. Yara suka yi ta ihun sunanta. Amma kujerarta da mai ita: wata yarinya Nazik ce zaune kusa da Begimai. Aka jawo wa Akilai kujerar baƙi kusa da murhu. Wani yaro ya yi kukan akuya ƙasa-ƙasa, ajin ya fashe da dariya har da Malama. Akilai ta yi murmushi ba tare da ta san dalili ba. Daga baya aka gaya mata wai wata akuya ce ta taɓa shigowa ta cinye taswira, amma labarin bai ba ta dariya yadda ya ba su ba.

Malama ta rubuta lissafi a allo. Akilai ta san amsar tun kafin a sa alamar tambaya. Ta zauna tana jira, tana kallon yadda ake ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur, sai ta ji tsohuwar gajiyar nan ta dawo mata, wadda ta manta da ita. Duk da haka da aka tashi ba ta so fita ba.

Daga wannan makon makinta ya fara zubewa. Wadda ba ta san komai ba sai biyar, makin da babu na sama da shi, ta koma uku, ta koma biyu. Burul ta kai ta asibitin ƙauye a duba idonta, aka ce lafiya lau. Malam Asilbek ya zuba mata ido har abin ya yi nisa, sannan wata rana ya tsayar da ita bayan kowa ya fita. Ya zauna a kujerar Ermek, gwiwoyinsa na tokare da tebur.

"Na daɗe ina koyarwa," ya ce. "Na san kuskuren wanda bai gane ba. Naki ba shi ba ne. Ke sai kin bi hanya daidai har bakin amsa, sannan ki kauce. Wannan ai ya fi wahala."

Akilai ta sunkuyar da kai.

"Komawa kike so ki yi?"

Hawaye suka zubo mata. Ta gyaɗa kai.

"To ba sai kin ɓata kanki ba. Baki gare ki, ki faɗa. Ni ba na son in rasa ki, amma ba ni zan zauna a kujerar ba. Je ki yi tunani. In har kin ce e, ni zan yi wa shugaba magana, in yi wa mahaifinki."

Ba ta bi ta gida ba. Ta jira a bakin ƙofa har aka tashi ƙanana, ta kamo hannun Begimai ta ja ta gefen katanga.

"Zan dawo! Malam ya ce in ina so za a maido ni. Sai Nazik ta koma wurinta."

Ta zaci Begimai za ta daka tsalle. Sai ta ga ta tsaya tana tura ƙanƙara da bakin takalmi.

"Ba ki ji ba ne?"

"Na ji."

"To?"

"Akilai, kada ki dawo."

Akilai ta saki hannunta.

"Wallahi ina kewarki," Begimai ta ce da sauri. "Nazik ko labari ba ta iya ji ba, sai ta ce in yi shiru. Amma kin san shekaranjiya na fita allo? Ni da kaina na ɗaga hannu. Na yi rabawa mai tsawo, ba wanda ya nuna min, Malama ta ba ni biyar. Da kina nan ban taɓa sanin ko na iya ko ban iya ba. Kafin in fara tunani kin gama, ga littafinki a buɗe, ido kuma ba ya jin magana. In kin dawo zan koma leƙe. Na san kaina."

"Sai in rufe littafin."

"Ba za ki iya ba. Ni ma ba zan bari ba."

Suka taho gida tare, hanya ɗaya. A ƙofar gidansu Begimai ta tsaya kamar za ta ƙara magana, sai kakarta ta ƙwala mata kira daga ciki, ta shige.

Akilai ta tarar da mahaifiyarta tana ɗinkin shimfiɗar gashin tumaki. Ta zauna ta kwantar da kai a cinyarta ta yi kuka mai isarta. Burul ba ta tambaye ta ba sai da ta lafa, sannan ta ji labarin duka, har da makin da aka zubar da gangan.

"Ja'ira," ta ce tana shafa kanta. "Kika sa na kwashe ki zuwa asibiti a banza." Ta ture ɗinkin gefe. "In don babanki ne, cire shi a ranki. Ko ajin raino aka maida ki sai ya nuna wa mutanen Mosko hotonki. Ke me kike so?"

"Ina so ya zama kamar da."

"Wannan kam ba ya cikin abin da Malam ya ba ki zaɓi."

Washegari Akilai ta gaya wa Malam Asilbek za ta zauna. Bai yi mata dogon jawabi ba, ya dai rubuta sabuwar tambaya a gefen allo ya dube ta. Makinta ya dawo. A hankali Ermek ya daina ce mata Jaririya sai in yana neman tsokana, har ranar da wani ɗan aji shida ya fizge mata hula, shi ya bi shi ya ƙwato. Ta daina tsayawa bayan taga. Amma kullum in tana fita, idonta na cikin masu shigowa, wani lokaci su gaisa, wani lokaci turereniya ta raba su kafin su haɗa ido.

Sai tsakiyar hunturu, wata Lahadi da hantsi, Begimai ta turo ƙofarsu da littafi a hammata, hancinta ja wur.

"Akwai wani lissafi da ya ƙi ni tun jiya," ta ce tana kakkaɓe takalmi. "Amma ki ji sharaɗi. Ba za ki faɗa min ba. Ko na roƙe ki, ko na yi kuka. Zama kawai za ki yi."

"To me ye amfanina?"

"Ni dai na fi iya tunani in kina kusa. Matsa min."

Suka zauna a ƙasa gaban ɗan gajeren teburin cin abinci, kafaɗa na gugar kafaɗa. Burul ta ajiye musu shayi ta fita wajen tumaki. Begimai ta fara, tana lasar leɓe, tana magana da lambobin kamar masu ji. A layi na uku ta ɗauki hanyar da ba ta ɓullewa. Akilai ta gani sarai. Amsar ta taso mata har maƙogwaro, yatsanta ya fara tafiya wajen takardar da kansa, sai ta janye shi ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne.

"Na ga fuskarki," in ji Begimai ba tare da ta ɗago ba. "Juya can."

Akilai ta juya ta fuskanci bango. Tana jin ƙarar gogewa a bayanta, da tsaki, da numfashin ƙawarta. Ta yi fatan lissafin ya daɗe bai fito ba.